Ɓoye Sana'a Ba Ya Tsare Arziki a Ƙasar Gobir

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan'uwa na Isa da Sabon Birni, da masu jin mu daga Shinkafi da Goronyo, da na ƙetaren iyaka wajen Gidan Runji da Tsibiri da Maraɗi, sharhinmu na yau a kan wata ɗabi'a ce da ta daɗe a kasuwanninmu har ta zama doka, ko da yake ba wanda ya taɓa kafa ta. Mai gyaran injin ban-ruwa, idan ya zo daidai inda matsalar take, sai ya aiki yaronsa sayen goro don kada ya ga yadda aka yi. Mai sayen wake ya san dillalin da ke biya da kyau a kasuwar Dawanau ta Kano, amma ko ɗan ɗakinsu ba zai ba lambarsa ba. Mace ta iya haɗa sabulu mai kumfa, maƙwabciyarta ta roƙe ta, sai ta faɗa mata rabi ta haɗiye rabi. Duk wanda ka tambaya cikinsu amsarsa ɗaya: ba a nuna wa mutum hanyar cin abinci. Ni ina ganin wannan lissafi kuskure ne, kuma a halin da ƙasar Gobir take ciki yau, kuskure ne mai tsada. Ba zan daɗe kan batun lada ba, domin malamanmu sun riga sun yi mana wannan karatu. Sun gargaɗe mu kan ɓoye ilimi, sun kuma sanar da mu cewa ilimi mai amfani yana cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum har kabari. Maganar da zan yi ta ciniki ce, ta riba da faɗuwa, da harshen da ɗan kasuwa ya fi saurin ji.

Mu fara da inda muke. Ƙasar nan Allah ya hore mata fadama, domin a nan Gulbin Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi suke haɗuwa su zama Rima. Da damina a yi gero da dawa da wake, da rani a yi albasa da tattasai da shinkafa, ga kiwo, ga iyaka a kusa. Amma kowa ya san abin da shekarun nan na 'yan bindiga suka yi mana. An kore shanu, an bar gonakin nesa saura, an aza wa ƙauyuka harajin da ba hukuma ce ta aza ba. A Satumbar 2021 gwamnatin Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da namu, aka kuma katse layukan waya. Iyakar Nijar ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Dubban mutanenmu suna zaman gudun hijira a jihar Maraɗi, wasu a Sakkwato, wasu sun nausa Kano da kudu. Jarin da ido ke gani, wato dabba da rumbu da kuɗin cikin aljihu, an ci mafi yawansa. Abin da ya tsira shi ne wanda ke cikin kai da hannu. Mutum biyu su tsere daga ƙauye ɗaya da rigar wuyansu, wanda ya iya walda ko ɗinki ko gyaran babur zai sami na tuwo a makon farko, wanda dukiyarsa duk shanu ce sai ya jira taimako. Saboda haka duk dattijon da ya rufe sana'arsa a ciki har ya rasu ko ya yi ƙaura da ita, ya rage wa garinsu irin jarin da ya fi wuyar sacewa.

Hujjata ta farko ba daga nesa take ba. Wanda ya tsallaka iyaka ya shiga ƙasar Maraɗi zai ga gonaki da yawa cike da gawo da kalgo da sabara, alhali dattawan can suna tuna lokacin da ƙasar ta zama fili fetal bayan farin shekarun 1970, iska tana binne shuka da rairayi har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke zaune a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona toho ne na kututturan itatuwa waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba wuya: a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kiyaye waɗanda aka bari har su zama itace. Manoma suka raɗa mata suna sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka yi shi don dole, da rabon ya ƙare kuwa da yawa suka sare itatuwansu. Waɗanda suka bar nasu suka sami itacen girki da abincin dabbobi, iska ta rage musu ɓarna, ganyen gawo ya taki ƙasa. Daga nan aikin ya fita daga hannun ma'aikata. Manomi ya gani a gonar maƙwabcinsa ya tambaya aka nuna masa, baƙo ya zo cin kasuwa ya koma garinsu da dabarar, ba wanda ya karɓi ko sisi. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo a kudancin Nijar ta kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200.

Abin lura a nan shi ne halin da manomin farko zai shiga da ya ɓoye dabararsa. Da itatuwansa su kaɗai ne tsaye a ƙasar da ba itace, da duk mai neman makamashi ya nufo su da dare, duk akuyar gari ta yi kiwo a kansu, rairayin gonar maƙwabcinsa kuma ya ci gaba da rufe masa shuka. Itatuwansa sun tsira ne ranar da kowa ya sami nasa, har ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka kafa kwamitocin tsaron itace. Ribar mutum ɗaya ta rataya ne a kan yaɗuwar abin da ya sani, kuma haka take a ciniki. Babbar mota ba ta shiga gari don buhu goma. Mai sayen albasa daga Gana ko Kwaddibuwa yana neman inda zai cika tirela cikin kwana biyu da kaya iri ɗaya, shi ya sa sunan Galmi ya zama tambari a duk Afirka ta Yamma. Da gida ɗaya ne a Galmi ya iya zaɓen iri da renonsa da adana albasa a rudu, da ba wanda ya san sunan garin. Haka Kantin Kwari da Dawanau a Kano: dubban mutane ne ke sayar da abu ɗaya kafaɗa da kafaɗa, kuma yawan nasu ne ke jawo mai saye daga Chadi da Kamaru da Nijar. Ɗan kasuwar da ya fi kowa iyawa a kasuwar da ta mutu, shi ma zaman jira yake yi.

Akwai kuma asarar da jahilcin maƙwabci ke jawo wa wanda ya sani. Hausawa na cewa wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a kan wake ɗin muka ga haka. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta, saboda an yi ta samun sinadarin fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima. Turawa ba su tsaya tantance wanda ya zuba guba da wanda ya adana nasa da tsabta ba, ƙasar gaba ɗaya aka rufe wa ƙofa. Alhali maganin yana nan. Tun 2007 masana daga jami'ar Purdue ta Amurka, tare da cibiyar binciken noma ta Nijar reshen Maraɗi da wasu cibiyoyi, suka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Yadda aka koyar da shi abin koyi ne: a cika buhu a gaban jama'ar ƙauye da kaka, a dawo bayan wata huɗu zuwa shida a buɗe a gabansu, kowa ya sa hannu ya duba. Manomin Gatawa ko Turba da ya iya wannan yana iya riƙe wakensa har farashi ya tashi, maimakon ya zubar da shi da kaka. Amma idan shi kaɗai ya iya, kuma 'yan garinsu suna ta zuba fiya-fiya, ranar da labari ya kai Dawanau ko Legas cewa waken yankin nan yana da wari, nasa ma da arha za a taya.

Batun farashi ma haka. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa inda waya ta isa, tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma an fi ganin haka a kasuwannin nesa masu mummunar hanya, irin namu ke nan. Mu kanmu mun ɗanɗana akasin haka a 2021 da aka katse waya, har na bakin iyaka suka koma neman layin Nijar, manomi ya ɗauko kaya bai san abin da ake ciki a Shinkafi ranar Alhamis ba sai ya isa. Addininmu ya riga masana gano wannan, tunda littattafan fikihu sun hana tarbar ayari a hanya a saye kayansu kafin su shigo kasuwa su ji farashi. Ribar da aka gina a kan duhun kan mai kaya ba ta daɗewa, domin ranar da ya gano an cuce shi ba zai sake kawo maka ba, kuma zai gaya wa 'yan ƙauyensu.

To, yanzu mu saurari masu ja, domin suna da magana. Na farko zai ce, idan na koya wa yaro, gobe zai buɗe shago kusa da nawa ya raba ni da masu zuwa wurina. Ba zan ce ƙarya ne ba. A ƙauyen da ke da waya ɗari biyu, masu gyara uku sun yi yawa, kuma wanda ya fara zai ji a jikinsa. Sai dai mu duba yadda manyan attajiran Hausa suka yi nasu lissafin. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, ya zama attajirin da ba kamarsa a zamaninsa ne da yaran da ya koya wa fataucin goro da sayen gyaɗa, ya ba su kuɗi ya watsa su ƙauyuka. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, da ya yi nazarin Alhazan Maraɗi a shekarun 1980, ya tarar cewa ba a auna Alhaji da kuɗinsa kaɗai sai an haɗa da arzikin mutane, wato yawan barorin da ya rena suka tsaya da ƙafarsu kuma suna amsa kiransa. Yaron da ka yaye ba lallai ya zauna ƙofar shagonka ba. Wanda ya tafi Ilela ko Jibiya ko Ibadan, garin abokan wasanmu, ya zama idonka a can: shi zai gaya maka abin da ya yi tsada, shi zai saukar da kayanka, shi zai tsaya maka idan aka riƙe motarka. Wanda kuma ya zauna gida, kai zai saya wa kayan gyara, kai zai turo wa aikin da ya gagare shi. Sa'annan sirrin da kake tsarewa yau ya riga ya fita. Yaron da ka kora sayen goro zai kalli yadda ake gyaran a waya da dare, ya iya ba tare da kai ba, ya buɗe shagon da kake tsoro, kuma ba ya jin nauyinka ko kaɗan.

Na biyu zai ce, mun gwada, an ci amanarmu. An ba yaro jari ya gudu da shi, an nuna wa aboki mai saye ya zagaye ya ƙwace shi. Wannan ma yana faruwa, kuma ciwonsa ya fi na asarar kuɗi. Amma a lura da inda macuci ya fi samun sarari. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin shanu da goro na Hausawa. Shanu na ɗimbin kuɗi ake ba mahauta bashi ba takarda ba banki, kuma cinikin yana tafiya, saboda masu gida sun san kowane mahauci da halinsa, kuma ba sa ɓoye wa juna wanda ya ƙi biya. Wanda ya ci bashin mai gida ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar saura. Wato abin da ya tsare amana a Sabo shi ne yawon labari tsakanin masu sana'a ɗaya. Inda kowa ya rufe bakinsa, macuci zai cuci Alhaji a Isa ranar Litinin, ya cuci wani a Sabon Birni ranar Laraba, ba wanda ya san an yi wa wani. Akwai kuma abin koyi wurin Inyamurai. Sun fito daga yaƙin basasa a 1970 ba jari, da yawa cikin masu ajiya a banki fam 20 aka ba su komai yawan kuɗinsu. Cikin abubuwan da suka tayar da Onica da Nnewi har da tsarinsu na ɗaukar yaro: a yi yarjejeniya gaban dangi, ya yi shekaru sanannu yana koyo, ranar sallama maigida ya ba shi jari. Namu tsarin na ubangida da bara yana da kirki, amma galibi ba shi da ranar ƙarewa. Yaro ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar jaka, ya yi aure ya haihu, bai san ranar da za a yaye shi ba. Ba ina wanke ɓarawo ba ne, amma da yawa daga cikin abin da muke kira cin amana daga wannan rashin wa'adi yake tsirowa.

Na uku shi ne ya fi nauyi, kuma mutumin Kano ko Zariya ba zai ji shi yadda mu muke jin sa ba. Zai ce, a ƙasar da ake da masu kai wa 'yan bindiga rahoto daji, ka ce mu saki baki? Wanda ya faɗi haka yana da gaskiya mai ɗaci. Mun ga matafiyan da aka ƙona cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021. Mun ga yadda aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a kan hanya, aka kashe shi a hannun masu garkuwa a Agustan 2024, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. A irin wannan ƙasa baki shi ke yanka wuya, kuma ba mai hankalin da zai shawarci ɗan kasuwa ya riƙa faɗin abin da ke aljihunsa. Amma a raba abu biyu da tsoro ya cakuɗa mana. Akwai labarin mutum: wane ne ya sayar da sa jiya, wane ne ɗansa ya aiko masa kuɗi daga Legas, wace mota za ta tashi da asuba da wane a ciki. Wannan a rufe shi ruf, ko a gida a yi hattara. Akwai kuma sanin aiki: yadda ake ɗaure buhun wake, yadda ake gane irin albasa na jabu, yadda ake juya injin ban-ruwa ya koma aiki da gas ko hasken rana tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a Mayun 2023. Mai kai rahoto ba ya samun ko kwabo da irin wannan. Hasali wani sanin kariya ne, domin dattijon da aka zaunar aka koya wa karɓar kuɗin dabbarsa ta asusu ya daina bin hanya da damin kuɗi a ƙugu. Direbobinmu sun fi kowa gane wannan bambanci. A tasha suna rububin fasinja ɗaya, amma wanda ya fito daga hanya ba ya ɓoye wa na baya abin da ya gani, kuma ba direban da ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin asara. Sa'annan mu tambayi kanmu daga ina ake samun yaran da ake saye da 'yan dubbai su nuna gidan maƙwabci. Talauci ba uzuri ba ne, akwai matalauta bila adadin da suka ƙi. Amma saurayin da ke wuni a garejin maigidansa, yana da abin yi da wanda zai ji kunya da ranar sallama da yake jira, ya fi wuyar saye a kan wanda ke wuni a bakin tasha ba wanda ya san da zamansa.

Mata kuwa, su ne wannan fitina ta bari da marayu, kuma su ne suka fi nuna cewa abin da nake faɗa mai yiwuwa ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a jihar Maraɗi, aka kira shi Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Adashin da suka gada aka gyara: mata ashirin zuwa talatin su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati, a ba mai bukata rance ta ja sana'a, a ware wani abu don rashin lafiya ko rasuwa, a raba idan shekara ta zagayo. Abin da aka ba su shi ne sanin yadda ake tafiyar da shi, su kuma suka koya wa matan ƙauyukan gaba, har tsarin ya bar Nijar ya shiga ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Inda malamai suka ga shubuhar riba a ƙarin da ake ɗorawa kan rance, sai a gyara wannan gefen a riƙe sauran. Matanmu da suka yi zaman hijira a ƙasar Maraɗi, da yawansu sun ga irin waɗannan ƙungiyoyi da idonsu. Wadda ta dawo da wannan sani ta zaunar da matan unguwarsu ta koya musu, ta kawo wa garin abin da ya fi buhun tallafi daɗewa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato, inda Nana Asma'u ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun ƙarni na 19.

Saura masu sana'ar gado, maƙera da majema da wanzamai da masunta, waɗanda za su ce abin gidanmu ne, ba a ba bare. Ina girmama wannan, amma a duba karofin da suka zama juji a garuruwanmu. Kayan kanti ne suka kashe kasuwarsu, gaskiya ne, sai dai da 'ya'yan gidan suka tafi boko ko ci-rani, ba a bar wa kowa sanin ba, yau ko an so farfaɗowa da wuya a sami wanda ya iya haɗa baba. Fatar jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi duniya ta san ta tun zamanin ayarin Sahara, amma majema nawa suka rage a Isa? Kuma da na ce kyauta ba ina nufin mai koyarwa ya kwana da yunwa ba. Yaro yana biya da aikin hannunsa, wannan halal ne kuma adalci ne. Abin da nake ƙi shi ne a ci ƙarfinsa shekara da shekaru a hana shi gundarin aikin.

Abin yi ba ya jiran Abuja. Sarkin kasuwa da sarkin noma da sarkin ƙira da shugabannin direbobi da na masu gyaran babur, duk suna nan a garuruwanmu, kuma ana jin maganarsu. Kafin a fara roron wake, a sami wanda ya iya buhu mai ninki uku ya nuna a bainar jama'a ranar kasuwa a cikin gari, a ɗauki muryarsa a waya da Hausarmu ta Gobir a tura wa na ƙauyukan da ba sa iya fitowa. 'Yan kasuwar hatsi da na albasa su amince su riƙa sanar da juna wanda ya ci bashi ya ƙi biya da wanda ya kawo iri na jabu, bayan an tabbatar, don kada a ɓata sunan mai gaskiya. Duk mai gareji ko shagon ɗinki da ke da hali ya ɗauki maraya ɗaya cikin waɗanda aka kashe iyayensu, a rubuta yarjejeniya gaban liman da mai unguwa: shekara nawa zai yi, wa zai ciyar da shi, wane kayan aiki za a ba shi ranar sallama. Idan ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni suna son sa hannu, su ɗauki nauyin kayan sallamar nan, ya fi raba kekunan ɗinki ga waɗanda ba su taɓa taka keke ba su kai kasuwa washegari. Ga kuma 'yan ci-ranin da ke dawowa gida noma da damina, cikinsu akwai waɗanda suka koyo haɗa sola a Kano da Abuja, da masu aikin famfo da tayil da gyaran waya. Kafin su koma bayan girbi akwai wata uku zuwa huɗu, kuma wannan ya ishi yaro mai hankali ya fara iya haɗa faifan sola da injin ban-ruwa kafin a shiga noman rani a fadamar Rima.